Takalmin Salomon Speedcross a Lakar Damunar Kaduna

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, duk mai gudun da ya bar kwalta ya bi hanyoyin gonaki na tsallaken kogi wajen Danbushiya, ko na bayan Rigachikun, ya san cewa takalmin da yake zagaya Dandalin Murtala da shi ba zai kai shi ko'ina ba. Jar ƙasa idan ta sha ruwa santsi take yi, ƙasar fadama kuwa maƙalewa take yi a tafin takalmi har ya yi nauyi. Domin irin wannan wuri aka yi Speedcross, takalmin gudun daji na kamfanin Salomon na ƙasar Faransa.

Ƙarfinsa duka yana tafi. Haƙoran roba ne masu siffar kan kibiya, tsayinsu kusan milimita 5, an ba su tazara sosai. Tsayin ne ke sa su nutse cikin laka su kama ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi, tazarar kuma ita ke sa lakar ta kakkaɓe da kanta bayan taku kaɗan. Na wajen dunduniya sun juya baya, su ne birki a gangara. A kan jar ƙasa mai danshi, ciyawa mai raɓa da kunyar gona, riƙonsa ya wuce na kowane kambas na kwalta nesa ba kusa ba, mutum zai sauko tudu da gudu ba tare da ya ɗaure jiki yana jiran faɗuwa ba. Lakar fadama mai danƙo ce kaɗai takan ci ƙarfinsa, ita kam sai an tsaya an ƙwaƙule da tsinke.

Waɗannan haƙora dai su ne rauninsa a kan kwalta da siminti. Robar tana da taushi, wurin da ke taɓa ƙasa kuma kaɗan ne, saboda haka nauyin jiki duka yana sauka a kan 'yan tsinin, titi ya yi ta goge su. Wanda ke fita daga Unguwar Rimi ko Kawo ya yi kilomita 3 a kan titi kafin ya isa daji, ya sake yin 3 a dawowa, zai ga na dunduniya sun soma shafewa tun damina ba ta kai rabi ba. Gara a je bakin daji da wani takalmin ko a keke, a saka shi can. Haka falalen dutse da ya jiƙe: babu abin da haƙoran za su nutsa a ciki, don haka a rage gudu, a gajarta taku.

Wannan ya shafi batun gasa kai tsaye. Tseren da ake shiryawa a cikin gari, irin gudun fanfalakin Kaduna na shekarar 2020 da aka yi na kilomita 21 da 10 da 5, a kan kwalta ake yinsa. Speedcross bai dace da shi ba. Nauyinsa ya kai kusan giram 300 a ƙafa ɗaya, yana da tauri, kuma bayan kilomita 10 a titi za a soma jin kowane haƙori a tafin ƙafa. Amfaninsa ga mai shirin gasa shi ne atisaye: fita biyu a mako a hanyar daji, ɗaya doguwa ta minti 60 zuwa 90 da sassarfar da za a iya hira a cikinta, ɗaya ta hawan tudu, minti ɗaya da ƙarfi sau 6 zuwa 8 ana saukowa a hankali. Sauran ranakun da ranar tsere, takalmin kwalta.

Dunduniyarsa ta fi gaba tudu da milimita 10. Wannan yana sauƙaƙa wa agara da sha-raɓa a hawa, amma yana ɗaga ƙafa sama, a wuri mai tsakuwa da ramukan sawun shanu idon sawu na iya gurɗewa. Sabon shiga ya fara da kilomita 4 ko 5 a wuri mai sauƙi, sau uku, kafin ya kai shi doguwar tafiya.

Igiyarsa siririya ce da ake ja a kulle da ɗan makullin roba, a tura ragowar cikin aljihun da ke saman harshen takalmin. Ba ta kwancewa, ciyawa ba ta kama ta, kuma wannan babban abu ne a watan Agusta da hanya ke rufewa da ciyawa. Sai dai matsewarta iri ɗaya ce daga sama har ƙasa, mai tudun ƙafa idan ya ja da ƙarfi saman ƙafarsa zai yi ciwo. Yashi kuma yana shiga makullin ya hana shi motsi, sai an wanke.

Wajen lamba ne mutane suka fi asara. Takalmin siriri ne ta gaba, alhali yawancin ƙafafunmu da suka girma cikin silifas suna da faɗi. A auna ƙafa da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura, a taka takarda a zana, a auna tsawon da santimita, a ƙara santimita ɗaya, sannan a duba lambar da ke cikin harshen. Lambobin Salomon suna zuwa da ɓari, irin su 42 2/3 da 43 1/3, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne da 42 ko 43. Idan babu faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa da hancin takalmin, a gangara farce zai dinga dukan gaba har ya yi baƙi ya fita. Akwai samfuri mai faɗi, idan an same shi shi ya fi.

Wanda aka rubuta wa GTX, wato mai yadin Gore-Tex da ke hana ruwa shiga, kuma a bar shi, ko da mai shago ya rantse ruwa ba ya shigarsa. Gaskiya ya faɗa, ta jiki ba ya shiga, amma a damunarmu ta sama ruwa ke shiga idan an tsallaka rafi, kuma in ya shiga ba ya fita. Ƙafa ta jiƙe cikin zafi, fata ta yi laushi, sai bororo. Ko wanda ba GTX ba yadinsa mai kauri ne, yana hana yashi da ƙaya shiga amma yana da zafi, ba ya saurin tsanewa. A haɗa shi da siririyar safar roba, ban da ta auduga.

Mai zuwa Kasuwar Barci neman na gwanjo ya tafi da safar da zai yi gudu da ita. A fara da haƙora: in sun koma ƙasa da milimita 3, abin da ake saye dominsa ya riga ya ƙare, komai kyan samansa. A murɗa takalmin kamar ana matse wanki, a duba inda robar tafi ta haɗu da soson da ke samanta, domin gam ɗin takalmin da ya daɗe cikin dila yakan bushe, tafin ya ɓare a fita ta biyu. A danna soson da yatsa ta ciki, wanda ya mutu ba ya dawowa kuma gefensa duk tamoji ne. A ajiye shi kan teburi a kalle shi ta baya, in ya karkace gefe guda ya ɗauki takun mai shi na farko. Soson takalmin gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ba kuma wanda zai gaya maka nawa na gwanjo ya ci, shi ya sa binciken nan ya zama dole. Jabu ma sun yi yawa, musamman waɗanda ake kawowa sababbi fil da arha: robarsu tauri gare ta tana sheƙi, makullin igiya yana zamewa idan an ja, gam ya yi dumu-dumu a gefe.

Bayan kowace fita a cire shimfiɗar ciki, a wanke da ruwan sanyi da burushi tun lakar ba ta bushe ba, a cusa tsohuwar jarida, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rana da gefen murhu suna kashe gam. A tsakiyar Agusta yakan ɗauki kwana biyu kafin ya bushe sarai, don haka a raba ranakun daji, misali Talata da Asabar.