Shekara biyu da na'urar daidaita tirelar yada zango

Wanda ya ji kalmar tirela a gida, babbar motar kaya ce za ta faɗo masa a rai. Wadda nake nufi ɗaki ne mai taya, da gado da kicin da banɗaki a ciki, ana ɗaura shi a bayan a-kori-kura a ja shi zuwa daji ko bakin ruwa a kwana biyu ko uku. A nan Amurka abin ya zama ruwan dare. Tamu tsawonta ƙafa 28, tayarta huɗu, kuma kamar mafi yawan ire-irenta a yankin Elkhart na jihar Indiyana aka haɗa ta. Mun saye ta a 2021, muka yi shekara biyu muna daidaita zamanta da hannu, sannan a 2023 na sa aka haɗa mata na'urar da ke yin aikin da kanta. 'Yan uwa da yawa a birnin Dalas na jihar Texas sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani.

Da farko, me ya sa dole tirela ta zauna lebur? Ni ma a da na ɗauka maganar jin daɗin barci ce kawai, har sai da na fahimci yadda firij ɗin ciki yake aiki. Irin namu ba shi da inji ko kaɗan. Wutar gas ko ta lantarki ce ke tafasa ruwan ammoniya, tururin ya hau sama, ya huce, ya gangaro ta cikin bututu mai lanƙwasa da nauyin kansa. Wanda ya san firij mai kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin karkara ya san wannan tsari, domin shi ne dai. In tirela ta karkace, ruwan yakan taru a wuri guda, tukunyar ta yi zafi fiye da ƙima, a hankali bututun ya toshe, kuma toshewar da ba ta gyaruwa. Kamfanin Norcold ya rubuta a littafinsa cewa kada karkatar firij ɗin ta wuce digiri 3 gefe da gefe, ko digiri 6 gaba da baya. Ban da firij akwai ruwan wanka da ke ƙin bin makwarara, da ƙofar da ke ƙin rufuwa, da mai da ke gudu gefe ɗaya na kasko in uwargida tana suyar ƙosai. Sai kuma ɓangaren falon nan da ke turowa waje, wanda in aka fitar da shi a karkace yakan wahalar da injin da ke tura shi.

Yadda muke yi a da shi ne in ɗora lebur irin na magina a kan daɓen kicin, in ga gefen da ya yi ƙasa, in jera katako a gaban taya, in koma mota in ja a hankali uwargida tana yi mini alama da hannu. In bai yi ba mu sake. Daga nan in murza jak ɗin gaba, in zagaya kusurwa huɗu ina sauke ƙafafun da ke hana rawa. A wuri mai kyau minti ashirin ne. Amma akwai ranar da muka isa wurin shaƙatawa na Palo Duro kusa da garin Amarilo gab da faɗuwar rana, bayan tuƙin awa shida, yara sun gaji suna kuka, iska tana kaɗawa, na hau katako na sauka har sau biyar. Sai da duhu ya rufa muka yi Magariba. A daren ne maman yara ta ce, "Abban yara, don Allah in akwai abin da zai ɗauke maka wannan wahalar, a saya." Maganarta ce ta kai ni.

Akwai masu ƙera wannan na'ura da dama, irin su Lippert da Equalizer da Bigfoot, kuma iri biyu ce: mai aiki da man haidirolik, wadda aka fi sa wa manyan tireloli, da mai aiki da ƙananan injinan lantarki. Tawa ta lantarki ce, jak biyar: ɗaya a kan ƙarfen gaba inda ake ɗaurawa da mota, huɗu a jikin ƙashin tirelar. Akwai ɗan akwati da ke jin karkata, da allon dannawa a gaba. Duka daga batirin tirela mai bolt 12 suke shan wuta. Kuɗinta da na haɗawa dubban daloli ne, ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

Ga yadda saukarmu take yanzu. In na tsaya, sai in sa waigi a tayoyi kafin komai, kamar yadda yaran mota ke yi wa gingimari a gangara, domin da zarar an raba tirela da mota babu burkin da ke riƙe ta. In cire kaca da waya da sandunan raba nauyi, in ɗaga gaba, in matsar da mota. In shimfiɗa ɗan faifan roba ƙarƙashin kowane jak, in ce kowa ya fito, sannan in danna. Za ka ji gurnanin injinan, gaba ta fara sauka, na baya su taɓa ƙasa, tirelar ta ɗan tsaya kamar mai tunani, ta ɗaga hagu kaɗan, ta sake tsayawa, ta gyara. Cikin minti uku allon ya nuna ta gama. Ranar farko na tsaya ina kallo raina fari ƙal.

Abin da ya fi burge ni ma a wajen tashi yake. Na'urar tana riƙe tsayin da gaban tirela yake a lokacin da na cire ta daga mota, in na danna sai ta janye ƙafafun ta mayar da gaban daidai wannan tsayi. In yi baya da mota, ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar ya shiga gurbinsa a gaban tirela. Wanda ya taɓa ɗaura tirela cikin ruwan sama zai san darajar wannan. Rawar da ɗakin ke yi in yara suna tsalle ita ma ta ragu sosai.

To amma akwai abubuwan da na so a ce an faɗa mini tun farko.

Watan farko, duk lokacin da allon ya ce ta daidaita, sai in ga ƙofar banɗaki tana buɗe kanta. Na ɗora lebur, ga kumfa can gefe. Ashe na'urar ba ta san lebur da kanta ba, abin da aka nuna mata ranar haɗawa shi take ɗauka daidai har abada, kuma gareji da suka haɗa mini sun saita ta ne a filinsu mai ɗan gangara. Wani dattijo Bature da muka yi maƙwabtaka da shi a zangon Tyler ne ya ganar da ni. Ya ce in daidaita tirelar da hannu, jak bayan jak, da lebur a kan daɓe, sannan in shiga saitin in gaya mata nan ne sifili. Minti goma sha biyar ya ɗauke mu, tun daga ranar ban sake ganin ƙofar ta motsa ba. Wanda aka haɗa wa sabuwa ya gwada wannan kafin ya bar gareji.

Na biyu batir. Jak biyar masu ɗaga nauyin dubban fam suna jan wuta sosai, kuma in ƙarfin batir ya yi ƙasa na'urar takan tsaya a tsakiyar aiki. Ya same mu a Cades Cove cikin tsaunukan Smoky a jihar Tenesi, inda babu wutar da za ka jona. Kwana uku fanka da fitilu da famfon ruwa suna cin batir, safiyar tafiya na danna, ƙafafu biyu suka hau, biyu suka tsaya. Na jona wayar mota na bar injin yana aiki na ɗan lokaci kafin ta yarda ta ƙarasa. Kowane jak yana da kan ƙusa da ake juyawa da sufana ko injin huda in wuta ta ɗauke gaba ɗaya, kuma ya kamata mutum ya kwanta ƙarƙashin tirelarsa a gida ya nemo inda suke tun rana tana sama. Yanzu in akwai wuta a zango, sai na jona kafin in danna komai.

Na uku kuma, kada kowa ya zubar da katakonsa. Tsawon jak yana da iyaka. In wurin ya yi gangara da yawa, zai miƙe har ƙarshe bai kai ba, allon ya nuna kuskure. Mafi hatsari shi ne ya kai ɗin amma ya ɗaga tayoyin gefe ɗaya sama, waigi ya zama ba ya riƙe komai. A Beavers Bend ta jihar Oklahoma, bayan an yi ruwan sama da daddare, na ga faifan baya ya nutse a laka kusan inci biyu, da safe tirelar ta karkace. Tun daga nan nake yawo da faffaɗan katako huɗu, kuma in idona ya nuna mini gefe ɗaya ya yi ƙasa sosai, nakan hau katako da tayoyin tukuna, in bar wa na'ura gyaran ƙarshe. Jak ɗin baya kuma sun rage tazarar tirela da ƙasa, dole in riƙa shiga gidan mai a kaikaice in mashigar tana da tudu.

Wa ya kamata ya saya? Mai yawan tashi da sauka, mai ciwon baya ko gwiwa, da mai zuwa shi kaɗai babu mai yi masa alama. Wanda ke fita sau biyu a shekara ya zauna mako guda a wuri ɗaya, ina ganin kuɗin ya yi masa yawa. Akwai waigi mai lanƙwasa na Andersen da ke ɗaga taya har inci 4, da ɗan akwatin LevelMatePRO da ke nuna wa direba karkata a wayarsa yana zaune a mota. Biyun a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe ba. Wanda tirelarsa ta zo da sabon firij mai inji na bolt 12 ma damuwarsa da karkata ba ta kai tawa ba.

Kulawarta ba ta da yawa: in goge ƙafafun in sun sha laka, in fesa musu mai, in duba kan batir kada ya yi tsatsa. Kafin tafiyarmu ta hutun ƙarshen shekara ina so in ƙara batir na biyu da faifan sola ɗaya a kan rufi, domin yara sun matsa a koma Cades Cove su ga barewa.