Kwas ɗin haɗa sola da na yi a Kano, ga yadda na gan shi

Masu ta tambayata ko kwas ɗin nan ya ci kuɗinsa, to ga amsa. Wajen aikinmu ne suka tura mu mu huɗu, sati shida. Sati biyun farko a aji aka zaunar da mu ana ta haska mana zane a bango, wai batir biyu masu 12V in ka sarƙa su, wato ka jona su ɗaya bayan ɗaya, za su ba ka 24V, fanel ya kalli kudu, mu dai muna ta kwafa a littafi. Wallahi har na fara cewa an yi asarar kuɗi.

Sati na uku ne injiniya ya kwashe mu zuwa wani gida a Hotoro. Mai gidan yana ta ƙorafi batir ba ya cika, ƙarfe goman dare inbata ta fara kuka, mu duka muka ce ai batir ne ya mutu a sayo sabo. Injiniya bai ce mana komai ba, tsani kawai ya nuna mana. Muka hau kwano muna zaune cikin rana har bayan la'asar, sai ga inuwar tankin ruwa ta sauko ta rufe rabin fanel ɗaya cikin huɗun, kuma da yake a sarƙe suke ɗayan nan ya ja sauran ƙasa gaba ɗaya, ga ƙurar hunturu ta yi musu lulluɓi. Ni ya miƙa wa mitar auna wuta na auna da hannuna, muka matsar da fanel ɗin muka wanke su, washegari muka dawo lamba ta tashi ina kallo. Batir lafiyarsa ƙalau! Da mu kaɗai ne da mun sa bawan Allah ya kashe kuɗi a banza. Ranar na gane sola, kuma tun daga nan ba na ɗaura fanel sai na duba inda inuwa ke faɗawa safe da yamma.

Amma fa raina yana ɓaci in na tuna yadda aka hau da mu kwano ba igiyar ɗaure ƙugu ba hular kwano, wani yaro saura kaɗan ya zame. Mu goma sha huɗu ne a kwas ɗin, amma mitar auna wuta ɗaya. Kuɗin mota zuwa gidajen ma daga aljihunmu, ba su faɗa ba lokacin rajista. Injiniyan Allah ya saka masa da alheri, amma masu ofis ɗin wata biyu ke nan ina zaryar satifiket, kullum sai a ce in dawo jibi.