Garejin masu esi a Agege: sai sun auna kafin su zuba gas

Galibin masu gyaran esi (na'urar sanyaya mota) a Legas, da ka ce motarka ba ta sanyi sai su jawo tulun gas. Wani ƙaramin gareji da ke Agege, kusa da layin dogo, ba haka yake aiki ba. Agogon auna matsi biyu suke fara ɗaurawa, shuɗi a ɓangaren ƙaramin matsi, ja a babba, su riƙe injin a kusan juyi 1500 a minti. Da gas ɗin R134a a zafin Legas, shuɗin ya kamata ya zauna tsakanin 30 da 45 a ma'aunin matsi na psi, jan kuma kada ya wuce 250 da yawa. In ya haura 300, akwai matsala.

Abin da ya fi burgewa shi ne gwajin ruwa. Sukan watsa ruwa a kan kwandensa, wato abin da ke gaban lagireto mai fitar da zafin gas. In allurar ja ta faɗo nan take, to iska ce ba ta ratsa ta. Ko fanka ta mutu, ko fis ko rile ya ƙone, ko ƙura da laka sun toshe haƙoran kwandensar. Irin wannan motar ce take sanyi a kan gadar Third Mainland, amma da an shiga gosulon Oshodi sai ta koma hura zafi, kwamfireso, wato famfon da ke matsa gas, yana yankewa don makunnin kariya ya ji matsi ya yi yawa.

In duka agogon biyu sun hau, yawanci gas aka cika fiye da kima, ko iska ta shiga saboda wani ya zuba ba tare da ya zuƙe tiyo ba. Nan sukan kwashe komai, su ja bakum, wato su zuƙe iska da danshi da na'ura, na aƙalla minti 30, sannan su zuba a kan sikeli daidai giram ɗin da ke rubuce a ƙarƙashin bonet. Shuɗi a ƙasa, ja a sama kuwa, bawul ɗin da ke daidaita wucewar gas ne ya toshe. Su canza shi tare da diraya, mai tsotse danshi daga gas.

Aibinsu, ba sa ajiye kaya. Kwandensa ko fanka, sai ka aika kasuwar kayan mota ta Ladipo, kuma in ta tokumbo ce, wato ta hannu, ka sa a gwada ta kafin ka biya. Wurin ma ba inuwa. Ka zo kafin ƙarfe 9 na safe.