Kwalbar selenium da na saya a Sabon Gari

Ƙwannafi ya fi shekara goma yana damuna. In na ci tuwon dare da miyar da ta ji attaruhu na kwanta, sai ruwa mai tsami ya taso har maƙoshi. Bara bayan azumi abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka tura ni asibitin koyarwa na Shika aka zura mini siririn bututu mai kamara ta baki. Likita ya ce tsamin ciki ya sa fatar ƙasan hanyar abinci ta fara sauya kama, abin da suke kira Barrett. Ya ce ba sankara ba ce, ƙalilan ne ma abin ke kai su can, a dai riƙa dubawa.

Ni kuwa sankara kaɗai kunnena ya ɗauka. Washegari sai ga ni a wani kemis a Sabon Gari, yaron shagon ya miƙo wata farar kwalbar selenium, wani sinadari da jiki ke buƙata ɗan kaɗan daga abinci.

"Baba, wannan ce rigakafin kansar maƙogwaro. A ƙasar Sin aka gwada. Biyu za ka riƙa sha a rana."

Ƙwaya 60, naira 12,000. Ko tayi ban yi ba.

Kwalbar kanta ba ta da laifi. Akwai lambar NAFDAC, wa'adinta da saura, ƙwayar ƙarama ce ba ta maƙalewa, sai ɗan wari irin na yis. Amma kwana goma sha ɗaya ina sha, ƙwannafi yana nan daram.

'Yata da ke karatun haɗa magunguna a Samaru ce ta zo hutun mako, ta juya bayan kwalbar ta riƙe haɓa.

"Baba, wa ya ce ka sha biyu?"

Kowace ƙwaya maikrogiram 200 ce, alhali babban mutum 55 yake buƙata a rana, kuma kifi da ƙwai da hanta suna bayarwa. Biyu sun kai 400, iyakar da aka ce kada a wuce ke nan. In ya yi yawa gashi ya zube, farce ya riƙa karyewa, baki ya yi warin tafarnuwa. Ranar sai da na ɓoye ina hura tafin hannu ina shinshinawa.

Zancen Sin ba ƙarya ba ne, rabinsa yaron ya faɗa. A Linxian, yankin da sankarar maƙogwaro ta yi ƙamari kuma abincin mutane ba shi da wadataccen selenium, an gwada kusan mutum 30,000 har zuwa 1991. Maikrogiram 50 kacal aka ba su, haɗe da bitamin E da beta-karotin. Mutuwa daga sankarar tumbi ce ta fi raguwa. Kuma irin sankarar maƙogwaron da ke can daban take da wadda Barrett kan janyo. To ni da nake cin kifi kusan kullum, wa ya auna jinina ya ce ina da ƙaranci?

Ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙaranci, likita ya rubuta masa, ba zan hana ba. Don ƙwannafi kuwa asarar kuɗi ce, kuma shagon nan ba zan ƙara neman shawara a cikinsa ba.

Abin da ya ba ni barci shi ne omeprazole, maganin rage tsamin ciki da likita ya rubuta tun farko na yi watsi da shi, sai cin tuwo da an idar da magariba, da bulo biyu da na sa a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai. Maiɗakina har yanzu tana ƙorafin tana zamewa cikin dare. Ƙwaya 38 da suka rage suna saman wardirob, zan tafi da su Shika ranar komawa.