Oba-oba ta asali ko mai SIM ga masu gadin kasuwa

Alhaji, ka tambaya wacce za ku saya. Tsakanin oba-oba ta asali, wato rediyon hannu da ba ya buƙatar rezo, da wadda ake sa wa SIM, don masu gadin layinku, ku ɗauki ta asali.

Irinta 'yan kwana-kwana ke aiki da ita. In ka buga lambarsu, 18, kiran yana faɗawa wurin mai tsaron waya a barikinsu. Shi zai rubuta unguwa da alamar wurin, ya kaɗa jiniya, masu jiran aiki su hau mota. Da sun fita ƙofa, magana ta koma rediyo: shugaban mota ya faɗi ya iso, ya nemi ƙarin ruwa ko motar marasa lafiya, kowa na ji lokaci guda. Tasu tana kai nisa ne saboda eriyar bariki tana sama kuma na'urar mota ta fi ta hannu ƙarfi.

Mu Baofeng UV-5R muke riƙe da ita a layinmu, mai wat 5, tana kama zangon tashoshin rediyo na VHF da UHF. Wani dare cikin hunturu, iska na kaɗawa, mai gadinmu ya ji ƙaurin roba daga shagon masu katifa. Bai tsaya neman lambar kowa ba, maɓalli ya danna ya ce "wuta a layin katifa". Duk muka ji tare. Ɗaya ya buga 18, ɗaya ya sauke kuran, wani yaro ya ruga bakin titi ya tsaya don ya nuna wa mota hanya, tunda lungunan kasuwa ba kowa ya san su ba. Katifu kaɗan suka ƙone, wallahi har yau in na tuna sai in gode Allah.

Mai SIM tana kai wa har Yamai, ban musa ba, amma in rezo ya ɗauke ko kuɗin intanet ya ƙare, ta zama dutse a hannu.

Ku yi hankali da masu sayarwa. Za a nuna muku kwali an rubuta kilomita 50. Cikin gari, tsakanin katangun Birni da duwatsun Damagaram, in kun samu 2 ko 3 kun yi sa'a. Ku gwada kafin ku biya: ɗaya ya tsaya kasuwar Dole, ɗaya ya tafi unguwar Zango. Ku kuma duba batir, ana yawan musanya shi da jabu. Wanda ya ce zai saita muku tashar 'yan kwana-kwana, ku tashi ku bar masa shagonsa, don shiga tasharsu toshe musu hanya ne ana tsakiyar ceton rai. Izinin mitar rediyo a wurin ARCEP, hukumar kula da sadarwa, ake neman sa.

Oba-obarku ba ta kiran bariki, don haka ku ajiye waya ɗaya mai caji kullum a rumfar gadi saboda 18.