Aikin wani shagon gyaran tsofaffin hotuna a kan hoton kakana

Hoto ɗaya tak ya rage mana na kakana, Allah ya jiƙansa, wanda aka ɗauka bayan dawowarsa daga yaƙin Bama a 1946. Yana tsaye cikin kakin soja, kakata na zaune a gefensa, mahaifina kuma, wanda kakana ya tafi ya bari a zanin goyo, yana riƙe da yatsansa. Damshi ya ci gefen hoton, layin ninki kuma ya ratsa fuskar kakata, dalilin da ya sa na kai shi wani shago da ke gyaran irin waɗannan hotuna da kwamfuta.

Yadda suka karɓi hoton ya kwantar mini da hankali, domin a gabana suka kwafe shi a na'ura suka mayar mini da na asali nan take. Aikin da suka yi wa fuskar kakata ya cancanci yabo. Sun share layin ninkin ba tare da sun sauya mata kamanni ba, har mahaifina ya daɗe yana kallonta bai ce uffan ba.

Sai dai a kwafin farko sun yi kuskuren da ya sosa mini rai. A kafaɗar kakana akwai wani baƙin tambari da mai gyaran ya ɗauka tabon damshi ne, ya goge shi tas, alhali baƙin gizo-gizo ne, alamar Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, ta kuma fafata da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944. Wannan tambari shi ne ke bambanta sojanta da na Runduna ta 82, masu alamar mashi biyu gicciye a kan gammo, kuma shi kaɗai ne shaidar da iyalinmu ke da ita ta inda ya yi yaƙi.

Da na yi musu bayani ba su yi gardama ba, suka dawo da tambarin daga kwafin asali, suka kuma amince su bar hoton a baƙi da fari kamar yadda na roƙa. Ina ganin shagon ya cancanci a kai masa aiki, amma mai hoton soja ya zauna da mai gyaran tun farko, ya nuna masa kowace alama da lambar yabo da ke jikin kakin kafin a taɓa komai.