Sharhina kan maganin ɗigawa mai maye gurbin hawaye bayan wata huɗu

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, kuma na yi kusan shekara biyu idanuna ba su rabu da ja ba. Nakan tashi da asuba da su jajir, da rana su yi ta ƙaiƙayi kamar an watsa mini yashi a ciki, da yamma kuwa, idan na tuƙo babur zuwa gida a Ɗorayi, sai hawaye ya riƙa zuba haka kawai. Zafin bai dame ni kamar yadda kallon mutane ya dame ni ba. A garin nan, duk wanda aka ga idonsa ja kullum, shaye-shaye ake fara zarginsa da shi, kuma ranar da mahaifin wani ɗalibi ya tsaya yana ƙare wa idanuna kallo maimakon ya saurari bayanin da nake yi masa game da ɗansa, na koma gida da ɓacin ran da ban iya faɗa wa kowa ba.

Da farko na ɗauka afolo ne, ciwon idon nan da ya samo sunansa daga annobar da ta ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. Amma afolo yakan bi gida ya kama kowa, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu, ni kuwa babu wanda ya ɗauka a gidana, kuma nawa ya ƙi wucewa. Na je wani kemis, mai kemis ɗin ya miƙo mini wata 'yar kwalba ya ce, "Malam, wannan zai wanke maka ido nan take." Bai yi ƙarya ba, domin cikin 'yan mintuna ido ya yi fari tas. Abin da bai faɗa mini ba shi ne, sinadarin nafazolin da ke ciki matse ƙananan jijiyoyin jini kawai yake yi, da zarar ƙarfinsa ya sake sai su buɗe fiye da da. Na fara da sau biyu a rana, na wayi gari ina ɗigawa sau shida. Da na koma da ƙorafin ƙaiƙayi, ya ƙara mini wani mai ɗauke da deksametazon, na yi ta sayensa har tsawon wata biyar saboda yana kwantar da ƙaiƙayin sosai.

Kano ba ta rasa wuraren duba ido ba. Ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ga asibitin ido na Makka, ga sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma duk tsawon wannan lokaci ban taka ko ɗaya ba, saboda ina ganin jan ido bai kai a je asibiti ba. Sai a watan Janairu, da hazon hunturu ya tsananta har na kasa tsayawa gaban allo, na je wurin wani likitan ido. An sa ni karanta haruffa, aka ɗora haɓata a kan wata na'ura mai fitila, aka ɗiga mini wani rini mai ruwan ɗorawa don a ga yadda hawaye yake shimfiɗuwa a kan ƙwayar ido, sannan aka auna ƙarfin ruwan da ke cikinta. Awon lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21, nawa kuwa ya kai 25. Likitan ya jujjuya kwalaben da na zo da su, ya ɗaga mai deksametazon ya ce, "Malam, wannan sitiroid ne. Yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa." Wannan magana ta girgiza ni ƙwarai, domin da idona nake neman abinci.

Abin da ya gano yana damuna shi ne bushewar ido haɗe da rashin jituwa da ƙura, har da garin alli. Na ce masa, "Likita, ta yaya idon da yake zubar da hawaye zai zama busasshe?" Ya bayyana mini cewa hawayen da ke kare ido yana da wani siririn maiƙo a samansa wanda ke fitowa daga bakin fatar ido, idan maiƙon ya yi ƙaranci sai ruwan ya bi iska da sauri, ido ya ji zafi ya kwararo da hawaye tsinkakke wanda ba ya zama. Ya tsara mini yadda zan janye sitiroid ɗin a hankali, ya hana ni mai nafazolin gaba ɗaya, ya rubuta mini maganin ɗigawa mai maye gurbin hawaye sau huɗu a rana, da olofatadin sau biyu saboda ƙaiƙayi, da gashin fatar ido da tsumma mai ɗumi kowane dare, da tabarau mai rufe gefe don hawa babur.

Mako biyun farko sun fi kowane lokaci wuya, kuma ina so duk wanda zai gwada wannan magani ya san haka tun kafin ya fara. Idanuna sun ƙara ja saboda rabuwa da wancan mai faranta ido, shi kuwa sabon ba ya faranta komai, sanyi kawai yake sa wa ido na 'yan sa'o'i. Sau biyu na ɗauko tsohuwar kwalbar na mayar. A mako na uku ne na lura cewa yashin nan ya ragu, har ina iya gyaran takardun ɗalibai bayan isha'i ba tare da murza ido ba. Da na koma awo bayan mako shida, ƙarfin ruwan ido ya sauko zuwa 17, kuma jan ya ragu ƙwarai, sai da yamma yake ɗan tasowa idan na sha iskar hanya.

Maganin mai maye gurbin hawayen yana da nasa matsalolin. Bayan an ɗiga, gani yakan yi dishi-dishi na minti ɗaya ko biyu, don haka ba na ɗigawa idan zan hau babur. Kuɗin kwalba ɗaya ya ninka na wancan na kemis, kuma an umarce ni in zubar da duk kwalbar da ta yi mako huɗu a buɗe ko da bai ƙare ba, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai albashin malanta. A ranakun da hazo ya yi kauri, sau huɗu ba ya isa ta, likitan kuma ya ce mai ɗigawa akai-akai ya fi dacewa da nau'in da ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, wanda ke zuwa cikin ƙananan robobi na amfani sau ɗaya, shi kuwa ya fi tsada kuma sai an zagaya kafin a same shi. Olofatadin yakan bar mini ɗaci a maƙogwaro, amma da aka koya mini in danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya bayan ɗigawa, ɗacin ya ragu. Yanzu ba na karɓar kwalba sai na duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinta.

Mahaifiyata ta so in riƙa sa kwalli, da kyakkyawar niyya irin ta uwa, amma likitan ya ce in dakata, domin wasu daga cikin kwallin da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da dalma, kuma garinsa yana ƙara fusata idon da ya riga ya bushe. Hajiya ta fahimta da na yi mata bayani.

Ina ganin maganin ya cancanci kuɗinsa ga mai irin matsalata, bayan likita ya duba shi ya tabbatar bushewa ce. Wanda jan idonsa ya zo da ciwo mai tsanani, ko raguwar gani, ko kasa kallon haske, ko ruwa mai kama da mugunya, ko kuma bayan wani abu ya soke shi, wannan kwalbar ba za ta yi masa komai ba, asibiti ya kamata ya nufa a ranar. Farin idona bai koma kamar na yaro ba, akwai ɗan duhu-duhu da ya rage a gefe wanda likitan ya ce ƙura da rana na shekaru ne suka bar shi. A wannan zafin na watan Mayu sau uku nake ɗigawa, na kuma sauya alli da alƙalamin farin allo a ajujuwa biyu da makaranta ta samar da shi. An ba ni ranar komawa awo a watan Satumba, kafin hunturu ya sake shigowa.